Kwamfutar da Aka Ɗinka wa Gafaka

Ranar da direban motar Legas ya kira ni ya ce saƙona ya iso, silifas ɗin wanka na zura na fita. A bakin Ƙofar Doka muka haɗu. Ya miƙo mini ɗan kwali yana jujjuya shi, ya ce, "Hajiya, duk kiran da kika dame ni da shi a kan wannan ɗan abin ne?" Na ce, "Malam, ba ni kayana, ba za ka gane ba." Na rungume kwalin na hau Keke, bakina har kunne, mai Keken sai leƙena yake ta madubi.

Abin da ke cikin kwalin madabod ne, wato faifan da duk kayan cikin kwamfuta ke hawa kansa. Amma wannan ɗan mitsitsi ne, bai fi murfin kwanon miya ba. Kuma ba shi da fanka ko ɗaya! A kan ƙwaƙwalwarsa an ɗora wani ƙarfe mai tsaga-tsaga kamar mataji, shi ke zuƙe zafi ya sakar wa iska. Wutar da yake ci kuwa, batirin solar da muke cajin waya da shi ma ya ishe shi. Ni malamar kwamfuta ce a wata sakandaren 'yan mata, na buɗe cikin kwamfutoci har na gaji, amma irin wannan a waya kawai nake ganinsa ina haɗiyar yawu.

Ba don kaina na saye shi ba. Mahaifina yana ba da karatu a zauren gidanmu tun kafin a haife ni, kullum bayan la'asar. Ɗalibansa manya ne: 'yan kasuwa, maɗinka, tsofaffin ma'aikata masu furfura. To sai idonsa ya fara rauni. Littattafan nasu kuwa rubutun ƙanana ne, ga sharhi a gefe kamar jerin tururuwa. Ya canza tabarau har ya haƙura. Wata rana ina bayan ƙofar da ta haɗa zaure da cikin gida, na ji ya ce musu, "Bayan Babbar Sallah zan rufe. Ku nemi wani malamin."

Da farko tsohuwar kwamfutata na kinkimo, ƙatuwar nan mai tsayin jarka. Na ɗauki hoton shafukan littafin da yake karantarwa, na zuba mata, na haɗa ta da talabijin, harafi guda ya zama kamar babban yatsa. Baba ya duba, ya karanta layi biyu tiryan-tiryan, na ga fuskarsa ta washe. Sai fankar cikinta ta taso, wuuu, kamar injin markaɗe. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, na tayar da janareta. Muryar Baba dama ta yi ƙasa, rabin ɗaliban kuma kunnensu ya yi nauyi. Ya ɗaga hannu ya ce, "Uwata, kashe." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Ba zan yi gasar murya da inji ba. Kwashe kayanki."

Na kwashe, amma raina bai kwanta ba. Shi ya sa na shiga neman wadda ba ta da murya.

Da na dawo da kwalin, a tsakar gida na baje tabarma, na wanke hannu kamar mai shirin tuƙa tuwon baƙi. Kai, daɗin da na ji ranar nan! Na zaro faifan, ga shi kore shar, 'yan ƙananan abubuwa a jere a kansa tsaf. Na danna masa ma'ajiyar bayanansa ta ce ƙas, na zaunar da shi a ɗan akwatinsa na ƙarfe mai huji-huji, na ɗaure kusoshi. Na jona batir, na danna maɓalli. Shiru. Na ce shi ke nan, sun sayar mini da gawa. Ina ɗaga kai sai ga rubutu ya bayyana a talabijin. Ashe tana aiki! Na kara kunnena a jikinta, ban ji komai ba sai kukan kurciya a kan katangar maƙwabta. Na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida, har akuyarmu ta tsorata ta yi waje.

Na zuba mata shafukan littafin, na kai wa Baba. Ya kalli akwatin ya kalle ni. "Kunna mu ji." Na ce, "Baba, ai a kunne take." Bai yarda ba, sai da ya sa kunnensa shi ma. Ya ɗago yana murmushi ya ce, "To, wannan tana da ladabi." Na koya masa yadda zai danna ya juya shafi, ya ce mini in daina yi masa bayani kamar ɗan aji ɗaya.

Kwanakin da suka biyo baya, ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Ina dawowa daga makaranta sai in laɓe bayan ƙofa. Baba na karantawa, yana fassarawa, har yana tsokanar masu gyangyaɗi. Maganar rufewa dai bai janye ta ba, amma na sa rai.

Cikin ɗaliban akwai wani Alhaji, tsohon ma'aikacin kotu, shi ne babbansu. Mutumin kirki ne, sai dai in ya ga abu bai yi masa ba, ba ya barci. Ya ga akwatin nan a ƙasa kusa da buzun Baba, aka ce masa ai littafin gaba ɗaya yana ciki. Hankalinsa ya tashi. Littafin ilimi a ƙasa, tsirara, kusa da ƙafafun mutane? Bai ce wa kowa komai ba, ya auna akwatin da zaren carbi, ya tafi wurin baduku. Sai ga gafaka ta jar fata, an yi mata ado da kore, har da shafin auduga a ciki. Ɗaliban suka zura akwatin a ciki, suka bar 'yar kafa don wayoyi, suka ɗora a kan matashi. Baba ya sa masa albarka. Ni kuwa ina makaranta muna jarrabawa, ban san wainar da ake toyawa ba.

Ga bazara, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. Ranar da na dawo da wuri na laɓe, Baba na tsakiyar wata mas'ala sai na ji ya katse karatun. Sai muryarsa, a sanyaye: "To. Rubutun ya ɗauke. Dama na gaya muku, abin da Allah ya karɓa ba inji ne zai mayar ba. Ku tashi, Allah ya yi muku albarka."

Ban san lokacin da na yafa mayafi na yi sallama na faɗa zauren ba, abin da ban saba yi ba ana karatu. Na hango jar gafaka a kan matashi, wayoyi na fitowa daga gindinta. Inna lillahi! Na zaro akwatin, ya ƙona mini yatsu. Na ce, "Wa ya yi wannan aikin? Wa ya naɗe mini ita kamar jaririya a wannan zafin?"

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Ni ne, 'yata. Littafi ba ya zama tsirara."

Na ce, "Alhaji, da fatarta take numfashi! Hujin nan ba ado ba ne. Ku a sa muku bargo yanzu a ce ku yi karatu mana!"

"Uwata," in ji Baba. Kalma ɗaya, na kama bakina. Na durƙusa na ba Alhaji haƙuri, amma raina na tafasa, ga tsoro, don ban sani ba ko ta ƙone ke nan. Na ɗauki mafici ina yi mata fifita, dattawa sun zuba mini ido. Wani maɗinki a baya ya ce, "Ashe dai tana son fankar, ta hannu ce take so." Aka yi dariya, ban da ni.

Da ta huce na danna. Na rufe ido ina salati. Sai na ji zauren ya ɗauki "Alhamdu lillahi!" Shafin ya dawo, daidai inda aka tsaya. Ashe kashe kanta ta yi don kada ta ƙone. Na ji kamar in ɗaga ta in yi rawa da ita.

Alhaji dai ya kafe, ba za ta koma ƙasa ba. Ni ma na kafe, ba za ta koma gafaka ba. Baba ya bar mu muka yi ta yi, sannan ya nuna alkukin da ke jikin bango, inda ake ajiye fitila a da. Sama yake, ya fi kan kowa, ga bangon ƙasa mai sanyi, ga iska na shiga. Na ɗora ta a can na ja wayoyi. Alhaji ya duba ya duba, ya ce, "To, wannan ba laifi." Gafakar kuwa ya ce shi ba zai koma da kyauta gida ba, sai aka sa littafin takardar a ciki.

Baba ya ci gaba daga inda ya tsaya, bai ɗaga kai ba sai da ladan ya kira magariba.

Da suka watse na shigo naɗe tabarmi. Yana zaune yana laluben takalmansa, ya ce, "Uwata, babban littafin nan na saman kanta, mai juzu'i da yawa. Ki sauko da shi ki fara ɗaukar hotonsa. Bayan Sallah za mu buɗe shi."

Na tsaya da tabarma a hannu. Na ce, "Baba, wannan ai shekaru ake yi ba a sauke shi ba."

Ya sami takalmin ya zura, ya miƙe ya nufi masallaci. Daga bakin ƙofa ya ce, "Na sani. Ki fara da na ɗaya."