Ba Za A Ƙona Kayanki Ba, Anti Hafsat

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Mayu, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyarmu a Gyaɗi-Gyaɗi, Anti Hafsat Isyaku, ɗalibar fiziks a ajin ƙarshe na jami'a. Sikila ce ajalinta, ciwon da duk layinmu aka san da shi aka haife ta.

Anti, kin san bakina mutuwa yake cikin mutane, shi ya sa na rubuta.

Ina tuna ranar da kika shigo gidanmu neman ruwan rijiya. Haka kika bi gidaje har Daurawa kina ɗibar ruwa da ƙasa, ki kai ɗakin gwaji, ke da ƙawarki Comfort, ku auna ko akwai tururin nukiliyar da zai cutar da mu. Ku kaɗai ne mata a wurin. Kika tarar da ni kwance da littafin soyayya, kika ce, “Ke Nafisa, saurayin nan fa ba zai fito daga takarda ba. Taso ki ja min guga.”

To, matan da kika auna wa ruwan sha, ga sakayyarsu. Ranar sadakar uku Innarki ta fito da kayanki a raba, kamar yadda aka saba. Ba wadda ta miƙa hannu. Wata har da janye tabarmarta. Wata hajiya, bakinta duk maiƙon shinkafar sadakarki, ta ce, “Ai abin can ne ya shanye mata jini. Mace da taɓa nukiliya! A ƙona su kawai, kada yara su kwasa.” A gaban uwar da ta haife ki! Comfort tana kuka tana cewa ƙasar tsakar gidajensu ce kuke aunawa, ko kallonta ba su yi ba. Ina suke sanda kike kwance a asibiti ana neman jini? Wallahi har yanzu ban iya yafe musu ba.

Innarki ta tsorata, ta ƙulle kayan a buhu, wai gobe za a kai bola. Ɗazu na shiga gidanku, na roƙi shuɗin hijabinki. Shi ne a jikina. Da shi na ratsa layinmu a hankali, duk mai ido ta gani.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Baba Isyaku, Inna, Allah Ya ba ku haƙuri. Inna, don Allah a kwance buhun nan. Duk abin da suka ƙi, ni zan sa.