Bindiga ukun da aka sa Yaya Mamman ya duba

Da daminar bana Yaya Mamman ya cika shekara bakwai a ƙarƙashin ƙasa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi, shi ne babba ni ne auta, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. A ƙauyenmu, can tsakanin Zurmi da Ƙaura Namoda, Saje ake ce masa, domin ya yi soja har ya yi ritaya da igiya uku. Yawancin shekarunsa na aiki a ɗakin ajiyar makamai na bariki ya yi su, yana kwance bindigogi yana gogewa, yana ware masu sauran ƙarfi da waɗanda suka gaji. Da ya dawo gida sai ya kafa rumfa a bakin kasuwa, yana gyaran injin niƙa da na ban ruwa. Manomi da makiyayi duk wurinsa suke zuwa. Ko bindigar toka bai ajiye a ɗakinsa ba.

Har yau labarinsa iri biyu ake bayarwa a garinmu. Ni ina wurin da abin ya fara, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da idona ya gani.

Farkon damina ne, wata Alhamis, muna dawowa daga kasuwar Shinkafi. Ni na kai gero, shi ya je sayen kayan gyara. Mun wuce Badarawa kaɗan, rana tana tsaka, sai babura suka fito daga cikin sunƙuru suka tare hanya. Direbanmu ya yi ƙoƙarin juyawa, suka harbe shi a wuya. Motar ta gangara gefen hanya ta tsaya, jininsa yana zuba a cinyata, don ni ne a gaba. Suka fito da mu suka kwantar da mu rub da ciki. Ba su nemi waya ko jakar kowa ba. Ɗayansu ya tambaya wane ne Saje mai gyaran inji. Ba wanda ya nuna shi. Sai ya ɗaga wani dattijo ya buga masa gindin bindiga a baki, haƙora suka zubo. Zai ƙara masa, Yaya ya miƙe ya ce shi ne. Na riƙe masa ƙafar wando ban san na riƙe ba, saboda haka suka haɗa da ni.

Sun yi tafiya mai nisa da mu cikin daji, har muka iso gindin wata tsamiya a bakin rafi. Shugabansu saurayi ne siriri, ba zai girmi ɗan Yaya na fari ba. A gabansa an shimfiɗa tabarma, a kanta bindiga uku irin na soja, baƙaƙe wuluk suna ƙyalli. A jikin tsamiyar an ɗaure wani mutum, fuskarsa ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Ila suke ce masa, mutumin wajen iyaka ne, kuma shi ya kawo bindigogin. Shugaban ya yi wa Yaya bayani cikin ladabi, kamar mai kawo inji gyara. Ya ce an ba Ila shanu a kan cewa bindigogin sababbi ne, daga rumbun sojan wata ƙasa suka fito, ba a taɓa harba su ba. To ɗaya ta cije masa ta ƙi tashi, kuma mutanensa suna cewa an cuce shi. Yana so a gaya masa gaskiya.

Yaya ya durƙusa ya ɗauki ta farko. Ya kai ta hanci ya sunsuna, daga nan na san ya gane, don na ga yadda bakinsa ya motsa. Ya kwance ta a hankali ya jera ƙarafunan a kan tabarma. Ya duba lambar da ke jikinta, ya duba ta ƙarfen ciki, ba su zo ɗaya ba. Ya sa farce ya kankare fenti kaɗan, sai ga sawun magagari a ƙasa, da ƙananan ramukan da tsatsa ta ci aka cike. Kawunan kusoshin duk sun cinye saboda yawan kwancewa da ɗaurewa. Katakon sabo ne, ƙarfen tsoho. Ya ɗaga bututun ya leƙa ta cikinsa yana fuskantar rana, ya daɗe a haka. Daga baya ya gaya mini zanen da ke cikin bututun ya shafe sumul, alamar ta ci harsashin da ba ya ƙirguwa. Ya yi wa ta biyu haka, ya yi wa ta uku. Aikin da na san zai gama cikin ƙanƙanin lokaci, ya ja shi har inuwar tsamiyar ta matsa. Sau biyu na ga ya saci kallon Ila.

Shugaban ya gaji da jira. Ya ce, "Tsoho, ba kwana za mu yi nan ba. Na asali na, ko gyara na?"

Yaya ya ce, "Gyara na. Tsohin bindigogin soja na anka yi ma sabon fenti. Amma ba maƙerin kasuwa ya yi wanga aiki ba, gwani na, can nesa. Wanga bawan Allah ko shekara ya yi yana kallonsu ba ya ganewa. Shi ma cutar shi anka yi."

Shugaban ya tambaya ko suna tashi. Yaya ya ce suna tashi, sai dai ba a dogara da su. Ya sa Yaya ya haɗa ta farkon, ya karɓa ya ɗura mata harsashi, ya ce bari ya gani. Ya juya ya harbi Ila a ciki, ya ƙara masa a ƙirji. A na uku ta cije. Ya dube ta, ya dubi Yaya, ya yi dariya ya ce lalle tsoho ya san aikinsa. Ila bai mutu nan take ba. Ya rataye a igiyar yana shure-shure, yana neman ruwa, kuma ba wanda ya ba shi. Yaya ya matsa kusa yana maimaita masa kalmar shahada har ya daina motsi. Ba su hana shi ba.

Kafin magariba sun ajiye mu a bakin hanya, ba su taɓa ko hularmu ba. Shugaban ya ce idan wasu bindigogin sun iso zai aiko a ɗauko shi.

Yaya bai ɓoye komai ba. Washegari ya je wurin mai gari ya faɗi duk abin da ya faru, ya kuma faɗa wa hukuma. Bayan haka ya yi cigiya har ya gano dangin Ila, ya je da ƙafarsa ya gaya musu inda ɗansu ya faɗi, don su daina jira. Na hana shi wannan tafiya bai hanu ba. Kafin ya dawo magana ta zagaye gari cewa Saje ne ke duba wa 'yan daji makamai. Mutane suna tambayar juna, wa aka taɓa ɗauka aka sako a yini ɗaya ba a karɓi komai ba? 'Yan dajin sun kira shi a waya, ya ce ba zai zo ba, ya karya layin ya jefa a masai. Wannan ba wanda ya ba da labarinsa. Injuna suka daina zuwa rumfarsa.

A lokacin samarin garinmu sun kafa sa-kai, kuma Ɗanjuma ne jagoransu. Maƙwabcinmu ne, Yaya ya sha goya shi yana ƙarami. 'Yan daji sun yanka mahaifinsa da ƙannensa biyu a gona, shi ya kwaso su a amalanke, kuma tun ranar bai koma daidai ba. Suka yi karo-karo suka samo bindiga ɗaya irin ta soja, suka kawo wa Yaya ya duba. Ina jin har da gwaji a ciki. Ya duba, ya ce bututun a yanke yake aka yi masa walda aka shafe da fenti, tana iya fashewa a fuskar mai riƙe da ita, kada su ba ɗan kowa. Ɗanjuma ya karɓe ta ya ce, "Tasu ka haɗa musu, tamu ka kushe." Ya fita ba sallama.

Ana dab da yankan gero aka kawo wa garinmu hari da safe. Sun ƙone rumbuna, sun kashe mutane a bakin rijiya, sun kora shanu. Ba su shiga unguwar gabas inda gidan Yaya yake ba, gidaje da yawa sun tsira, amma gidan Yaya kaɗai aka lissafa. Ranar kasuwa ta zagayo ina Ƙaura. Matarsa, Yaya Hajara, ta kai masa fura rumfa, a gabanta Ɗanjuma da 'yan sa-kansa suka zo. Ta ce bai gudu ba, ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce su kai shi gaban mai gari ko alƙali, duk wanda suka zaɓa. Aka buga masa gora a ƙeya. Suka ja shi tsakiyar kasuwa suka sa masa adda, mutane suna tsaye suna kallo, wasu ma ya gyara musu inji ba su biya ba. Ta faɗa kansa aka finciko ta aka yar. Ni da liman muka yi masa wanka. Hannuwansa sun fi ko'ina sara, don da su ya riƙa kare kansa, sai da muka naɗe su daban kafin a sa likkafani.

Yanzu idan na bi hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Gonakin da muka yi noma tare sun zama daji. Mata a ɗaki suna jin ƙara su faɗa maka irin bindigar da ta yi ta, ilmin da shi ya kwashe shekaru a bariki kafin ya samu. Ina jin ba zai yi mamaki ba. Tun a lokacin yana cewa tsohuwar bindigar soja ba ta mutuwa, ƙasa ta gama da ita a yi mata fenti a turo wa talaka. Ita kuwa bindigar Ɗanjuma, an ce har yau ba ta fashe ba, kuma masu zarginsa da ita suke kafa hujja. Shi cewa ya yi tana iya fashewa. Ya ga walda, ya faɗi walda.

Na sha juya abin da ya faru a gindin tsamiyar. Sau ɗaya na tambaye shi me ya sa bai ce na asali ne ba. Ya ce ya yi wannan tunanin tun yana kwance ta farko, amma ɗaya ta riga ta cije, ƙaryar ba za ta kai gobe ba, kuma ga ni zaune a bayansa. Ya nemi maganar da za ta zama gaskiya ta kuma fitar da Ila, ita ce ya faɗa. Ya ce duk rayuwarsa bai taɓa duba bindiga daidai kamar ranar ba, kuma duban bai amfani kowa ba.

Bai bar dukiya ba, sunansa ma bai gama wankuwa ba. Abin da na san ya bari shi ne 'ya'ya biyar da ba wanda ya shiga daji ko ya ɗauki adda a cikinsu, duk da an zuga babban ya rama. Uwarsu ce ta tsaya a kan haka.

Bara bayan sallar layya Ɗanjuma ya zo gidan. Ya rame, ya yi furfura tun lokaci bai yi ba. Ya tsaya a zaure ya aika a yi masa iso, aka kira ni don kada ta gan shi ita kaɗai. Ya durƙusa ya ce ba ya iya barci, daga baya ya gano wanda yake kai wa 'yan daji labari, kuma ba Saje ba ne. Yana neman gafara. Yaya Hajara ta sa aka kawo masa ruwa, ta jira ya sha, sannan ta ce, "Haƙƙina na yahe maka, Ɗanjuma, don in samu in yi sallata da natsuwa. Na ɗiyanshi ka bi su ɗaya-ɗaya ka roƙa. Nashi kuwa ba ya hannuna. In kun gamu ka tambaye shi."

Ta tashi ta koma ciki. Ya zauna a zauren har aka kira azahar, muka tafi masallaci tare.

Allah Ya kai haske kabarinka, Yaya, kai da direban nan da Ila.