Kunnen Kawu a Cikin Hazo

Ranar Juma'a, bayan mako guda ina tsaye a ƙofa ina gadi, abokai suka ja ni yawo a jirgin ruwa. Ba mu yi nisa da Doha ba hazo ya rufe mu ruf, mai sanyi, mai ɗanɗanon gishiri. Abokina Sani na ta cewa, "Yalla, maza mu koma!" amma ba wanda ya san ina ne baya.

Nan marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Hazo ya taɓa kama mu haka cikin kwalekwale a kogi, a Yawuri. Ya ɗora filafilin tuƙi a cinya, ruwa na ɗiga, ya ce, "Yi shiru, ɗana. In ido ya gaza, kunne ke tuƙi." Muka yi tsit har muka jiyo dakan mata, ya bi sautin zuwa gaɓa.

Sai na roƙi abokaina su kashe inji. Can muka jiyo kiran sallah ta hagu, muka bi.

Bara ya rasu, ban samu hutun zuwa jana'iza ba. Kawu, Allah Ya jiyar da kai kira mai daɗi, Ya sauke ka gaɓa lafiya.