Mai Rariya da Waken Inna

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina rubuta waƙa, ba na jin zan manta da kakar da mahaifiyata ta rasu, da abin da ya faru tsakanina da wani zauren marubuta waƙa da muke da shi a waya. Shekaru sun ja, zauren ma ya yi irin mutuwar da ire-irensa ke yi, kowa ya sulale ba sallama. Amma duk sanda na ga an shanya wake a tabarma, sai abin ya dawo mini ɗanye.

Lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko ta ƙauyenmu, kusa da Bande. Ni ba wani shahararre ba ne, mai sha'awa ne kawai. Tun ina kwaleji nake ƙulla baituka, ba ni da wanda zan karanta wa. Matata in na fara sai ta ce in dakata ta sauke tukunya, tukunyar nan kuwa ba ta taɓa sauka ba. Abokan aikina hirarsu ba ta wuce albashi da canjin wurin aiki. Shi ya sa ranar da wani abokina na Magariya ya jefa ni cikin zauren, na ji kamar an buɗe mini taga. Abin da nake nema bai fi ɗaya ba: in sami mutum guda da zai karanta abin da na rubuta tun daga farko har ƙarshe.

Zauren cike yake. Akwai 'yan kasuwar Magariya, akwai ma'aikata, ɗalibai, matan aure, wasu daga Dungas, wasu daga tsallaken iyaka. Duk ranar Juma'a shugaban zaure zai ba da jigo da amsa-amon da za a bi, kowa ya rubuta tasa ya turo kafin wata Juma'ar. A ƙa'ida, an ce an kafa zauren ne don mu riƙa yi wa juna gyara. A aikace kuwa yabo muke yi, kuma yabon nan biki ne: ka kai mini, in kai maka. Kana tura waƙa, kafin ka mayar da waya aljihu, hotunan tafi da furanni da harshen wuta sun fara zuba. Wannan ya ce fasihi, wancan ya ce Allah ya ƙara basira. Wanda ya yi kwana biyu bai yabi kowa ba, ranar da ya turo tasa zai ji shiru kamar an yi ruwa an ɗauke.

A ƙauyenmu ba a samun rezo, wato sabis ɗin waya, sai an hau tudun da ke bayan lakwal. Nan nake zuwa bayan an tashi yara, in tsaya cikin rana ina rarraba tafi, don kada a ce Mushe, kamar yadda ake kiran mu malaman lakwal, ya ci biki bai rama ba. Da farko abin da daɗi, ba zan ɓoye ba. Daga baya sai ya zama kamar kunun da aka cika wa sukari, kana sha yana gundurarka. Na gaji, amma ban san yadda zan faɗa ba.

Mutum ɗaya ne ba ya cikin wannan biki. Wani dattijo ne ma'aikacin kiwo a Dungas, aikinsa bin rugage da ƙauyuka yana yi wa shanu allura. Ba wanda ya san fuskarsa, don hoton wani jan sa ya ɗora a maimakon nasa. Mun laƙaba masa Mai Rariya, saboda duk abin da ka kawo sai ya tankaɗe ya nuna maka tsakin. Ba ya zuwa da wuri. Sai an gama tafi an watse, bayan kwana biyu ko uku, in ya shigo inda akwai rezo, sannan saƙonsa zai faɗo, ba fure ba gaisuwa mai tsawo. Ya taɓa ce mini baitina na huɗu yana ɗingishi. Wata rana kuma ya ce an kwatanta mace da farin wata har watan ya gaji, in nemi wani abin. Wata baiwar Allah ta fice daga zauren saboda shi, har aka yi ta maganar a cire shi, shugaba ya yi ta roƙon a riƙa gyara cikin hikima. Ni kaina tsoron ganin sunansa nake yi. Nakan ce a raina, mutumin nan ya saba da shanu, ya ɗauka baituka ma ba sa lafiya sai an soka musu allura.

Tsakiyar daminar wannan shekara Inna ta kwanta. Muka kai ta likita a Magariya, na yi makonni ina kwana a tabarma gindin bedi, wato gadon jinyarta, ina kai da komo tsakanin ɗakinta da masu sayar da magani. Ta ɗan ji sauƙi muka dawo gida, ashe sallama ce. Gero na fidda kai Allah ya karɓi abinsa. Ban sanar a zauren ba. Ba don wani fushi ba, ƙarfin hawa tudun ne ba ni da shi.

Aka gama zaman makoki, baƙi suka watse, gida ya yi faɗi. Inna tana da gayaunarta, 'yar gonar da ke tata ita kaɗai, kuma a shekarar wake ta shuka da hannunta kafin ciwon ya kayar da ita. Waken ya yi kyau ƙwarai, ya nuna, ya bushe, ya fara fashewa yana zuba. Matata da ƙannena mata suka ce za su je su tsince, na hana. Suka sake magana, na rufe su da faɗa. Ban iya gaya musu dalili ba, don ni ma a lokacin ban san shi sosai ba. Yanzu na gane: gani nake muddin waken na tsaye a gona, akwai sauran aikin Inna da ba a gama ba, kuma wanda bai gama aikinsa ba bai tafi ba.

A cikin wannan hali wata Juma'a na daure na hau tudun. Na tarar jigon makon damina ne, amsa-amo kuma “wa”. Na zauna a inuwar aji na fara rubutu, irin wanda kowa zai yi. Hadari ya taso, ƙasa ta yi ƙamshi, gero ya yi kai tsuntsu na kewayawa. Na yi baituka da dama a haka. Can wajen tsakiya hannuna ya bar bin umarnina, sai ga shi na rubuta:

Mun kai Inna makwanci mun juyo gida,
Yanzu ko ban ci ba, ba mai tambayawa.
Hauyarta na jingine bayan rumbu,
Da tsumma a ƙota, ba mai ɗaukowa.
Waken da ta shuka ya bushe a gona,
Yana ta fashewa, na kasa zuwa.

Daga nan har ƙarshe maganarta ce. Na koma kan tudun na tura. Wannan ne karon farko da na faɗi abin da ke cikina, kuma ta hanyar da na iya kenan.

Ban sauko daga tudun ba tafi ya fara. Furanni, harshen wuta, fasihi, Allah ya maimaita mana damina mai albarka. Wani ɗan kasuwa da muke wasa da shi, da alama idonsa ya faɗa kan kalma ɗaya yana wucewa, ya rubuta cewa lallai bana rumbun Mushe ya cika, kada a manta da su in an tashi rabon wake, ya haɗa da fuska mai dariya. Kashegari shugaban zaure ya sa waƙar cikin fitattun mako, ya ce tana sa nishaɗi.

Na so in yi fushi, fushin ma bai zo ba. Gajiya ce kawai ta sauko mini, irin ta wanda ya yi ta sallama a ƙofar gida ana amsawa daga ciki, amma ba wanda ya leƙo. Na ce to, shekarun nan da na yi ina hawa tudu, ashe da kaina nake hira. Na yanke cewa na daina waƙa, in na sake hawa tudun kuma ficewa zan yi daga zauren.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ina ƙofar gida waya ta yi ƙara, don kira yakan shigo jefi-jefi ko ba a hau tudu ba. Lamba ce da ban sani ba. Murya ta dattijo, a hankali.

“Mushe ne? Ni ne na Dungas, mai allurar shanu. Yanzu na shigo gari na karanta waƙarka. Abin da ka sa a tsakiyar nan, ƙirƙira ce ko ya faru?”

Na ce masa ya faru. Sai na ji yana salati. Ya tambayi sunan ƙauyenmu da inda ake ratsewa in an baro Bande. Na kwatanta masa don kada in yi rashin kunya, amma ban sa a ka ba. Mutumin da bai taɓa aiko mini ko hoton fure ba, shi zai ƙona esansi, wato man fetur, tun daga Dungas?

Washegari da safe sai ga moto, wato babur, ya tsaya a ƙofar gida, duk ya yi caɓa-caɓa da laka. Ni da nake zaton wani ƙato mai murtuke fuska, sai ga ɗan siririn tsoho mai furfura a gemu, wandonsa a naɗe. Bayan moton kuwa ya ɗaure buhuna, ba komai a cikinsu. Na shimfiɗa tabarma, ya yi mini gaisuwar “ya haƙuri”, ya yi wa Inna addu'a mai tsawo, ya sa aka kira matata da ƙannena ya yi musu gaisuwa daga bakin zaure. Aka kawo fura ya ɗan kurɓa, ya ajiye ludayi, ya dube ni.

“Mushe, ina gayaunar take?”

Na ce, Baba, a bar maganar gonar nan.

“Ba za a bar ta ba,” in ji shi. “Ta shuka ne don ku ci, ba don ƙasa ta ci ba. Guminta na ƙarshe kenan kake kallo yana zuba. Tashi mu je.”

Bai jira amsata ba ya kwance buhunan. Da mutumin gida ne da na yi masa tsawa, amma baƙo ne, dattijo, ya sha hanya. Na bi shi ina jan ƙafa, matan gida suka biyo mu da ƙorai ba wanda ya ce musu komai. Tun daga bakin gona ake ganin waken da ya riga ya zube, fari fat a ƙasa. Na sunkuya na kama kwanson farko, sai kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza. Tsohon nan bai ba ni haƙuri ba, bai ma waiwayo ba. Ya ci gaba da tsintarsa a kunyar da ke kusa da tawa, ya dai rage sauri don kada ya bar ni a baya.

Da rana ta take muka zauna gindin wata aduwa. Nan na gaya masa na daina waƙa, tunda ba mai karantawa.

Ya ce, “To ni me ya kawo ni?”

Ya kaɗe ƙaiƙayin da ke hannunsa, sannan ya ci gaba da muryar nan tasa da ba ta hawa ba ta sauka. Ya ce baitukan farko duka in zubar, hadari da tsuntsu na kowa ne, duk wanda ya taɓa ganin damina zai iya rubuta su. Waƙar daga hauya ta fara, tsumman nan da ke ƙota ba wanda ya gan shi sai ni.

“Kuma baitinka na ƙarshe yana ɗingishi,” in ji shi. “In ka huta ka gyara.”

Ban san sanda dariya ta kuɓuce mini ba, hawaye bai gama bushewa ba. Tun rasuwar Inna ban yi dariya ba sai a wurin nan. Mutum ya zo ta'aziyya, ya tsince maka wake, kuma bai bar rariyarsa a gida ba.

Kafin la'asar muka cika buhunan. Na ce ya ɗauki ɗaya, ya ƙi. Da na matsa ya karɓi tiya guda, cikin kwanon awo ɗaya kenan, ya ce wannan ladan aiki ne daga hannun Inna. A hanyarsa ta komawa, da ya sami rezo, ya rubuta layi ɗaya a zauren, cewa mahaifiyar ɗan'uwanmu ta rasu, labarin yana tsakiyar waƙar da aka yi wa tafi. Nan take ta'aziyya ta fara zuba da irin saurin da furannin suka zuba. Wasu suka koma suna goge abin da suka turo. Mai maganar rabon wake ya kira ni yana neman gafara, na ce masa ba komai, kuma har zuciyata ba komai ɗin. Ba mugaye ba ne. Haka muka saba, ba wanda ya taɓa tsammanin akwai mutum a cikin baitukan.

Ban daina waƙa ba. Har yau in na rubuta, shi nake fara tura wa. Amsar takan zo bayan kwana biyu ko uku, kuma ba ta taɓa zuwa da fure ba. Bai taɓa ce mini fasihi ba, ni ma na daina jira.

Abin da na koya a gayaunar Inna ke nan. Mai tafi yana iya tafa maka bai ji abin da ka ce ba. Amma wanda ya ce maka baitinka na ƙarshe yana ɗingishi, ka riƙe shi da kyau, don ya bi ka har ƙarshen ne kafin ya gani.