Tofin da Ya Hana Famfonmu Tashi

Shekarun baya, lokacin ƙafafuna suna kai ni kasuwar Getso su dawo da ni ba tare da sanda ba, na yi wata ɓarna da har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai. Ni ban yi boko ba, da baki nake faɗa ana rubuta mini, sai ku yi haƙuri da zancen tsohuwa.

Burtsatse ɗaya muke da shi a unguwarmu, mai aiki da sola. Sau biyu injinsa yana ƙonewa, saboda in ruwa ya ja baya a ƙasa ba shi da hankalin tsayawa, sai ya yi ta juyi a bushe. Da ƙyar aka sa na uku, dattawa kuma suka hana a kunna shi sai an sami mai tsare shi. Mata suka koma rijiyar bayan gari, har da masu tsohon ciki.

Sai jikata, 'yar babban ɗana, wadda ta yi karatun injiniya a Kano, ta zo ta ce za ta sa wa famfon ƙwaƙwalwa. Ƙanin marigayi mijina ya yi dariya ya ce, "Wannan da jiya-jiya take yi miki tallar ƙuli?" Mai unguwa dai ya ce a ba ta wuni guda. In bai yiwu ba, a jira wani daga birni sai bayan girbi.

A ɗakina ta sauka. Ta nuna mini allo kore mai faɗin faifai, da wani ƙarami da bai kai tafin hannu ba, a cikin leda mai ƙyalli. Ƙaramin yana da jerin haƙora sirara, launin zinariya.

"Kaka, wannan ƙaramin shi ne mai tunanin," ta ce. "Babban kuwa uwa ce, goya shi kawai take yi, ta ba shi wuta, ta kai saƙonsa ga injin."

Na ce, "To ai goyo na sani."

"Shi kaɗai ne gare ni. In ya lalace sai an yi wata biyu kafin wani ya iso. Don Allah kada kowa ya taɓa."

Na ji "kowa", amma ban sa kaina a ciki ba. A gidanmu ba a fara amfani da sabon abu, ko tukunya ce ko garma, sai babba ya yi addu'a ya tofa. Washegari da hantsi ta tafi Gwarzo sayo wayar wuta, ni kuma ina tsakiyar matsar ƙuli. Na goge hannu a zani, na shiga, na zare ɗan allon daga ledarsa. Na karanta abin da na iya, na tofa sau uku, na bi haƙoran nan da babban yatsa na shafe su tas don albarkar ta shiga. Na mayar yadda na same shi, zuciyata fari ƙal.

Bayan azahar gari ya taru a gindin tanki. Na ga aiki, jama'a. Ta cire awarwaronta, ta ɗaura wata igiya a wuyan hannu ta maƙale ta da ƙarfe, wai jikin mutum ma yana da wutar da ke kashe irin wannan abu. Nan na tuna da yatsan da na shafe shi da shi. Ta ɗaure uwar a cikin akwatin ƙarfe, ta riƙe ɗan ta gefe-gefe, ta zura haƙoransa a karkace, ta danna a hankali har wasu 'yan ƙarafa biyu suka ce ƙas, suka kama shi kamar majanyi. Ta ce koriyar fitila za mu gani. Ta kunna.

Ja ta kama.

Ta auna wuta, lafiya. Ta duba wasu maɓallai ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, kowanne yana inda ya dace. Ta jona kwamfutarta, shiru, ɗan bai amsa ba. Zufa na ɗiga daga haɓarta.

Ƙanin mijina ya ce, "Injiniya, ko a kawo miki guga?" Maza suka kwashe da dariya.

Ta kashe wuta, ta zare ɗan, ta karkata shi ga rana. Ta daɗe tana kallo. Sai ta kai shi hanci. Yarinyar da ta tashi a gindin kaskon suyata, ina za ta kasa gane man gyaɗata? Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta mayar da kai.

"Maiƙo ne ya hau haƙoran," ta ce wa mai unguwa. "Laifina ne, Baba, ban duba ba kafin in saka."

Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ga mutanen da suke jiran ta faɗi, ga ta ta ɗauki kayana ta aza a kanta. Na miƙe, na gyara mayafi, na ce, "Ba nata ba ne. Man gyaɗata ne, da tofina. Ni na buɗe na yi masa addu'a."

Liman ne ya fara magana, yana danne dariya: "Hajiya, ai addu'a ba sai an buɗe mata leda ba." Sai kowa ya fashe, har ƙanin mijina yana riƙe ciki. Ni ban yi dariya ba. Na matsa na ce mata a hankali, "'Yar nan, na kashe shi?"

"Ban sani ba tukuna, Kaka. Zauna."

Ta ɗauko auduga da wani ruwa mai warin asibiti, ta bi haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a gero. Ta ajiye shi ya bushe. Ban taɓa jira mai tsawon wannan ba, ko a ƙofar ɗakin haihuwa. Ta sake zurawa, ƙas, ta kunna. Fitilar ta yi ƙifta-ƙifta, sai ta tsaya a kore.

Ba ta yi murna ba tukuna. Ta zauna da kwamfuta tana faɗa masa aikinsa: in tanki ya cika ka tsaya, in ruwa ya yi ƙasa ka huta, in wani abu ya same ka ka aiko saƙo zuwa wayar mai unguwa. Sannan muka ji ruwa yana hawa bututu. Mata suka rangaɗa guɗa. Ƙanin mijina ya cire hula ya sosa kai, ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, Injiniya." Wannan karon da gaske ya faɗa.

Ta rufe akwatin, ta ɗaure kusoshinsa, ta kamo hannuna a gaban kowa ta ɗora a kan murfin. "Yanzu ki yi masa, Kaka. Ki tofa iya son ranki."

Na ɗauki yarinyar nan tun tana tsumma, na ɗauka ni na koya mata komai. Ran nan na ga ilimin da ban sani ba, na kuma ga kunyar da ban tuna na koya mata ba. Injin bai sake ƙonewa ba. Shatin yatsana ya daɗe a murfin nan kafin ruwan sama ya wanke shi. Har yanzu in ta zo da sababbin kayan aiki tana kawo mini in sa albarka, ina kuwa sawa, amma hannayena biyu suna goye a baya.