Mai Igiya da Ruwan Lagireto

Yayana bai taɓa iya wuce motar da ta mutu a hanya ba. Tun yana tuƙin haya yake yawo da igiya a bayan kujera, har matarsa ma Mai Igiya take ce masa. Ba ya karɓar ko sisi. Sai dai ya dawo gida riga duk baƙin mai, yana ba da labarin wanda ya ceto. Da na sayi akori-kura mai shan dizal don kai wa magina tayal, shi na damƙa wa makulli, da sharaɗi guda: kwali arba'in take ɗauka, kuma ba ta jan kowa. Ya ce ya ji.

Ni ba a ɓoye mini abin da ake iya ƙirgawa. Galan huɗu na ruwa nake ajewa a bayan shago, sai na lura kullum ɗaya na yin ƙafa. Na tambaye shi, ya ce motar ce ke jin ƙishi, yana magana yana kallon taya. Mutumin da ke cika shago da surutu ya koma kamar an aiko masa da mutuwa. Ran nan ina cikin motar yana tuƙi, allurar zafi ta haye ja, tururi ya taso daga bonet.

Watan da ya wuce bakanikenmu ya sa mata sabon lagireto, don haka garejinsa muka nufa, na wanke shi tas a gaban mutane. Na ce tsohon lagireto ya shafa wa fenti ya sayar mini. Wani mai ƙaramar mota da ke jiran layi ya tayar da abarsa ya fice.

Bakaniken ya buɗe bonet. Ya matsa tiyo-tiyon ɗaya bayan ɗaya, ya duba murfi da fanbel, ya kwanta ƙarƙashi: babu ɗigo. Da injin ya huce ya cika lagireton, ya bar bakin a buɗe, ya sa aka tayar. Ruwan ya shiga kumfa kamar ana hura shi da tsinke, farin hayaƙi na fita ta salansa. Ya ce ruwan ba zuba yake ba, injin ne ke shanye shi, ya tambaya ko ta ja wani abu mai nauyi. Na rantse ba ta taɓa ba. Ya dubi Yaya, sannan ya sunkuya ya ce to, zai sauke kan injin, kuma tunda ana zarginsa, aikin a wuyansa.

Ya kwance noti biyu, yana kan na uku Yaya ya dafa kafaɗarsa.

"Maigida, ajiye sifanar nan. Ba aikinka ba ne, nawa ne."

Ashe kwanakin baya Yaya ya tarar da wata bas da ta mutu cike da fasinja a gindin hawa, mata da jarirai cikin rana. Ya ɗaura ta ya haye da ita. Yana ganin allura na tashi ya ce saura kaɗan. A saman hawan kuma ya ɗura wa injin ruwan sanyi yana tafarfasa.

"Da ranar ka zo, ƙila gaskit kawai za mu canja," in ji bakaniken. "Kai mai jan kowa, ka tsaya kana kallo ana jan sunana a ƙasa?"

Kan injin ya tsage. Haƙurin da na bayar an karɓa da baki, amma mai ƙaramar motar nan bai dawo ba. Yaya ya bi sawunsa har gida ya faɗa masa gaskiya, mutumin ya ce ya riga ya sami wani gareji. Tun lokacin, da Yaya ya sauke kayan ƙarshe sai ya wuce garejin bakanikenmu ya zauna yana wanke ƙarafa a kwanon kananzir, ba wanda ya sa shi. Bakaniken yana amsa gaisuwarsa. Hira ce dai har yau bai mayar masa ba.