Gaisuwar da ta cinye mana caji

Ana idar da sallar asuba muka bar Ikara, mota uku, za mu ta'aziyya wani ƙauye gaban Hunkuyi. Hanyar ƙauyen ba sabis, shi ya sa muka aro oba-oba, wato rediyon hannu na magana irin na 'yan sanda, kowace mota ɗaya. Mai su ya ja mana kunne cewa muryarsu ba ta nisa, don haka motar tsakiya ce za ta riƙa karɓar magana daga ta gaba ta miƙa wa ta baya. Ya nuna mana maɓallin ƙarfi, ya ce mu bar shi ƙasa, in aka kai shi sama batir yake sha.

Ina motar tsakiya. Inna tana ta baya, Kawu ke tuƙa su.

Direbanmu dattijo ne mai son mutane. Ba mu yi nisa ba ya murɗa maɓallin sama don muryarsa ta fita tar, ya shiga gaida Kawu: kwana, gajiya, iyali, gona, haƙurin rashi. Shi ma Kawu ba ya barin gaisuwa ta faɗi ƙasa. Na so in tanka, amma wa zai katse manya?

A Makarfi muka sha koko da ƙosai, ƙosan duk sun ƙanƙance saboda tsadar wake. Su Inna suka tsaya cinikin rake. Kawu ya ce mu wuce, zai bi wani yanke da ke ɓullewa bakin rafin da ke kusa da ƙauyen, mu haɗu can.

Bayan Hunkuyi muka sauka daga kwalta, dawa ta rufe hanya hagu da dama. Can sai muryar motar gaba ta shigo tana rawa: "Kada ku ƙaraso rafi! Mutane ne kan mashina, da bindigogi. Mun juyo."

Yanken Kawu can ya nufa kai tsaye, kuma mu kaɗai ne za mu iya gaya masa. Na fizge oba-obar na danna, sai ta mutu. Na kunna, na sake dannawa, ta sake mutuwa. Cajin da ya rage ba zai ɗauki babban ƙarfi ba. Na mayar da maɓallin ƙasa, ta tsaya da ranta, amma sai shuu nake ji, Kawu ya yi nisa.

Dole mu matsa kusa da su. Direba ya kutsa wata hanyar shanu da ta nufi yanken, bakinsa sai salati. A kan wani tudu na haye rufin mota, na ɗaga oba-obar sama.

"Kawu, ku juya! Kada ku je rafi!"

Sai muryar Kawu ƙasa-ƙasa: "Wane ne wannan ko sallama babu?"

"Ni ne! Ku juya!"

Ta mutu gaba ɗaya. Ban san ko ya ji ba. Muka koma Hunkuyi muka zuba wa hanya ido, ba mai iya kallon wani. Sai wajen azahar motarsu ta ɓullo, duk taɓo. Ashe ya ji, ya juya.

Ba mu je ta'aziyyar ba, la'asar a Ikara ta yi mana. Abin da na koyo, ƙarfin murya bai kai rage tazara amfani ba. Har yau Inna ba ta san komai ba, don tana barci lokacin da na kira, Kawu ce mata ya yi gada ta karye.